Mai Tanderu da Ƙafarsa ta Hagu

Haihuwarsa

An haifi marigayi Mai Tanderu a shekarar 1952, a wani ƙaramin gari da ba abin da ya tara mutane a cikinsa sai tashar jirgin ƙasa, a ɗaki na uku cikin jerin ɗakunan ma'aikata da ke bayan tankin ruwa. Mahaifinsa mai ɗaga tuta ne a tashar, mahaifiyarsa kuma wanki da guga take yi wa manyan ma'aikata, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Masu rubuta tarihin manya sukan ce tun a zanin goyo aka ga alamar ɗaukaka a goshin mutum. Shi dai an duba ba a ga komai ba, sai yawan kuka. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne an haife shi da ƙafafu biyu lafiyayyu, kuma ana faɗin haka tun yanzu saboda sauran rayuwarsa ta tafi ne wajen hana a raba shi da ta hagun.

Ƙuruciya da karatu

An sa shi a makarantar firamare a 1959. A 1961, yana da shekara tara, ya hau tsanin tankin ruwa don ya leƙa ya ga ko akwai kifi a ciki. Babu kifi. Wajen saukowa ya faɗo, ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye har ya huda fata. Maɗorin da aka kira ya ɗora, ƙashi ya haɗu, amma ciwo ya riga ya shiga har ɓargo, ya zauna a can yana ci a hankali. Daga lokacin duk bayan 'yan watanni sai wurin ya kumbura, ya fashe, ya yi ta mugunya, sannan ya rufe kamar ba shi ba.

A 1963 mahaifinsa ya samu takardar kai shi babban asibiti. Likitan da ya duba shi ya yi dogon bayani da wani yare, ma'aikacin jinya ya taƙaita: gobe da safe za a yanke daga ƙasan gwiwa. Mahaifinsa ya ce to. Mahaifiyarsa kuwa ta juya baya ta goya yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta nufi ƙofa.

"Baiwar Allah, ina za ki da shi?" in ji ma'aikacin jinya.

"Inda na samo shi. Da biyu na haife shi, na ƙirga."

Ya gama aji bakwai a 1966. Sakandare tana da nisan da ƙafar ba za ta iya ba, don haka karatunsa na boko ya tsaya a nan, sauran abin da ya sani duk a bakin aiki ya tsinta.

Kama aiki

A 1974 ya koma babban birni, ya samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike. Ba son kimiyya ya kai shi ba, kamar yadda aka faɗa ranar da aka yi masa bikin ajiye aiki. Aikin a zaune ake yinsa, shi ke nan dalili. A 1979 mai kula da tanderun cibiyar ya ce zafi ya ishe shi, ya tafi tuƙin tasi, aka ce mai wanke kwalabe ya riƙe kafin a samo ƙwararre. Shekara talatin yana riƙewa. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace, har 'ya'yansa in an tambaye su sai su ce su 'ya'yan Mai Tanderu ne.

Ɗakin tanderun yana ƙarshen baranda, taga ɗaya gare shi, da fanka mai ƙara, da benci, da wani kwandon ƙarfe da ya kifa yana ɗora ƙafar a kai.

Aure da zuri'a

A 1981 ya kai ɗinkin wando wurin wata tela a layin bayan kasuwa. Da ya je karɓa sai ya tarar ta rage ƙafar hagu da faɗin yatsa biyu, daidai yadda ƙafarsa ta gaza, ba ta tambaye shi ba, ba ta kuma yi masa kallon tausayi ba. Ya sake kai wando, ya sake kai wani, har ta ce masa, "Malam, in magana ce da kai ka faɗa, wandunan nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya." An ɗaura musu aure a ƙarshen shekarar. Allah ya ba su 'ya'ya biyar tsakanin 1983 da 1996.

A 1990 ciwon ya tashi da ƙarfi, likita na biyu ya kawo maganar yankewa. Da ƙyar aka samu wani ya yarda ya kankare ruɓaɓɓen wurin, ya ɗebo ƙashi daga ƙugunsa ya cike ramin. Dashen ya riƙe rabi, rabi ya narke, kuma aka gaya masa ƙugun ba zai sake bayarwa ba.

Zuwan Farfesa da garin dashen ƙashi

A 1983 ne wani Farfesa na cibiyar ya dawo daga ƙasar waje da digiri uku da wani mayafin wuya na ulu wanda bai taɓa cirewa ba ko da kwalta na narkewa. Bincikensa a kan abin da za a riƙa cike ramin ƙashi da shi ne, ba sai an yanko daga jikin mutum ba. Ana haɗa ma'adinai irin waɗanda ƙashi kansa yake ɗauke da su, a ƙara ɗan fuloraid kaɗan, irin wanda ke cikin man goge baki, don kada abin ya narke a jiki tun kafin sabon ƙashi ya kama, a mulmula shi ƙwaya-ƙwaya, a gasa a tanderu, a kashe masa ƙwayoyin cuta, a rufe a kwalba. Dole ƙwayar ta fito da ƙananan ƙofofi kamar soso, don ta nan jini zai shiga, ƙashi ya biyo baya. Wannan bayanin Farfesa kan yi shi cikin awa biyu da allo.

Farfesa ya yi lissafi ya ce a gasa a zafin digiri dubu ɗaya da ɗari biyu, ya kuma buga lambar a mujalla tun kafin a kunna tanderun. Aka gasa, aka sa wa zomaye, ƙashi ya ƙi kamawa. Wata rana a 1985 wuta ta yi rauni, tanderun ya kasa wuce dubu ɗaya da ɗari ɗaya, kuma Mai Tanderu yana hura ƙura daga tire sai ƙwaya ɗaya ta manne masa a leɓe. Ya taɓa ta da harshe, ta kama harshen ƙam. Ya ɗauko ta tsohuwar gasawa ya lasa, sai ta zame kamar dutsen ado. Zomayen da aka sa wa mai kama harshen duk suka warke.

Ya je ofis ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wadda ta kama harshe ita ke kama ƙashi. Wutar ce ta yi yawa, tana toshe ƙofofin. A rage ɗari."

"Kai, ajinka nawa?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"To ni nawa bai ƙirguwa. Ba a lasar kimiyya. Ka gasa yadda na ce, ka rubuta yadda na ce."

Washegari aka manna sanarwa a ƙofar ɗakin tanderu, da hatimi, cewa an haramta ɗanɗana kayan bincike. Mai Tanderu ya duba umarnin Farfesa guda biyu, na gasawa da na rubutawa, ya ga ɗaya ne kawai ake dubawa. Daga ranar ya riƙa gasawa a dubu ɗaya da ɗari ɗaya, yana rubuta dubu ɗaya da ɗari biyu a littafin aiki da kyakkyawan rubutu. Kowace gasawa yakan ware ƙwaya ɗaya ya lasa, ya tofar a kwandon shara. Garin ya yi kyau, aka tashi daga zomaye aka koma tumaki, daga bisani a 1998 aka ba da izinin sa wa mutane. Farfesa ya samu lambobin yabo huɗu. Akwai na'urar auna ƙofofin ƙwaya a cibiyar, amma ta lalace tun 1988, kuma kwamitin gyaranta yana nan yana zama.

Ajiye aiki

A 2009 aka sayo sabon tanderu mai kwamfuta, aka yanka masa kirtani da almakashi, aka kuma sallami Mai Tanderu da agogon bango. Farfesa ya yi jawabi na minti hamsin, ya ambace shi sau biyu. Aka ɗauki wata injiniya mai digiri, aka miƙa mata littafin aiki. Ya yi niyyar jan ta gefe ya gaya mata, har ya buɗe baki, sai ya tuna shekara ashirin da huɗu na rubutun hannunsa ne a littafin, shafi bayan shafi. Ya rufe bakin, ya rungumi agogonsa ya tafi gida. Ita kuwa ta shigar da lambar da ta gani, sabon tanderu ya bi ta sau da ƙafa, don shi bai iya ƙarya ba.

Karaya ta biyu

A watan Maris na 2013, yana tsallake kwata a ƙofar gidansa, ƙashin ya karye a daidai tsohon ramin, ba faɗuwa ba komai. Likitar ƙashin da ta karɓe shi matashiya ce, ba ta da dogon bayani. Ta kankare wurin, ta kafa ƙarafa ta waje, ta yi makonni tana kashe ciwon da allurai, sannan ta zauna a bakin gadonsa.

"Baba, ramin ya kai faɗin yatsa huɗu. Ƙugunka ba abin ɗiba. Zan cike da garin dashe, sau ɗaya za mu gwada. In ya kama, ka tafi da ƙafarka. In bai kama ba, ba zan yi maka ƙarya ba."

"Garin ina?"

Ta faɗi sunan cibiyar. Matarsa ta ce alhamdu lillahi, ai na gida ne. Shi kuwa sai lambar littafin aiki ta faɗo masa a rai.

Ranar da za a yi aikin, da hantsi, ya roƙi a nuna masa kwalba ɗaya. Likita ta ɗauka kewar aiki ce ta tsofaffi, ta sa aka kawo wata da kwananta ya kusa ƙarewa. Ya ɓalle murfin, ya zuba ƙwaya a tafin hannu, ya ɗora a harshe. Ta zame.

"Baba! Me kake yi haka?"

"'Yata, wannan tsakuwa ce. Kada ki zuba mini."

A nan, da rigar tiyata a jikinsa wadda ba ta rufe baya, ya faɗi abin da ya ɓoye tun 1985, da lambar gaskiya da ta littafi. Matarsa ta saki baki.

"Shekara talatin da biyu muna tare, ashe lashe-lashe kake zuwa yi?"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce cikin shekara uku da suka wuce mutum shida ta sa wa garin nan bai kama ba, biyar an ceto su da ƙashin ƙugu, ɗaya kuwa, wani direban babbar mota, an yanke. Ta ce duk tsawon lokacin nan hannunta take zargi. Ta ɗage aikin, ta sa aka janye sauran kwalaben daga ɗakin tiyata, ta kuma ce masa mako uku kawai za ta iya barin ramin a buɗe.

Komawa cibiya

Washegari matarsa ta tura shi a keken guragu, likita na biye, har ofishin Farfesa, wanda a lokacin ya zama shugaban cibiyar, mayafin wuyan kuma ya zama na siliki. Ya saurare su yana kallon silin.

"Lambar nan tana cikin mujallu goma sha huɗu na duniya," in ji shi.

"To mujallar za a zuba masa a ƙafa?" in ji matar.

"Wace ce wannan?"

"Tela ce, ranka ya daɗe. Ni in na yanka ba daidai ba, a jikin mai kaya ake gani."

Farfesa ya ce za a kafa kwamiti. Likita ta ce kwana ashirin suka rage mata, kuma rahoton mutum shida tana da shi a jaka, in ya fi son ta kai wa hukumar da ke ba da izini yau, to mota na waje. Injiniyar, wadda aka kira ta tsaya a gefe, ta ce ba sai an jira kowa ba, tanderu a hannunta yake: za ta gasa kashi biyu, ɗaya a lambar littafi, ɗaya a lambar Baba, a aika wata jami'a mai na'urar da ke aiki ta duba. Farfesa ya ce dama abin da yake shirin ba da umarni ke nan.

Kwana biyu Mai Tanderu ya yi a tsohon ɗakinsa, a keke, yana gaya wa injiniyar yadda ake shimfiɗa ƙwaya a tire kada ta hau kan juna, da yadda ake barin tanderu ya huce da kansa ba a buɗe ƙofa. Fanka mai ƙarar tana nan, kwandon ƙarfen ne aka jefar. Da aka fito da tiren biyu, ya lasa, ya nuna na dama, wanda aka gasa a lambarsa. Injiniyar ta duba ƙofa, ita ma ta lasa.

"Kai! Baba, ta kama ni!"

"Ai ita ke nan. Tofar."

Ta ba da labari daga baya cewa da ta dawo ɗaukar makullinta bayan an tashi, ta hango Farfesa shi kaɗai a gaban tiren, ya ɗage mayafin wuya, harshe a waje. Wannan bai shiga rahoto ba.

Sakamakon jami'ar ya iso a kwana na goma sha ɗaya, da hotuna: ƙwayar lambar littafi a toshe take sumul, ɗayar kuwa ƙofofi ne ta ko'ina. Likita ta kai rahotonta hukuma duk da haka. Aka gyara lambar, aka gyara na'urar awo cikin mako ɗaya bayan shekara ashirin da biyar, kuma a shekarar da ta biyo Farfesa ya gabatar da lacca a kan yadda zurfin nazari ya kai shi ga gano illar yawan zafi. An tafa masa.

Aikin da jiran sakamako

An yi masa aikin ranar 9 ga Mayu, 2013, saura kwana biyu wa'adin ya cika. Daga nan sai jira. A mako na shida hoton ƙashi ya nuna ƙwayoyin a zaune kamar yadda aka zuba su, ba abin da ya motsa, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. A wata na uku likita ta ɗaga hoton a fitila ta daɗe tana kallo, ta ce akwai wani hazo-hazo a gefe, amma kada ya sa rai tukuna. Ya sa. A wata na bakwai ta ɗaga hoton, ta sauke, ta sake ɗagawa, ta kira abokan aikinta biyu. Ramin ya cike fari fat, ba a gane inda ƙwaya ta tsaya da inda ƙashi ya fara.

"Baba, tashi ka taka."

Ya miƙe, ya ɗora nauyinsa a hankali yana jiran zafin da ya sani tun yana ɗan shekara tara. Ya ƙara dannawa. Ya taka har bakin ƙofa ya dawo, ya zauna, ya rufe fuska da hula. Matarsa ta ce wa likita, "Ƙyale shi, tun ranar aurenmu bai yi kuka ba, ya taru."

A watan Fabrairu na 2014, da aka cire ƙarafan, wurin da ya fara zuwa shi ne gidan direban nan. Ya same shi a tsakar gida yana gyara rediyo, sandunansa a jingine. Ya tsaya ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa Farfesa duka ba, ya ce hannunsa ne ya rubuta lambar. Direban ya daɗe yana juya sukurdireba a hannu.

"Yanzu an gyara?"

"An gyara."

"Ba wanda za a sake yanke wa saboda ita?"

"In Allah ya yarda, babu."

"To zauna mana. Ka tsaya mini a ka da ƙafa biyu kamar kana mini gori."

Ba a ji ya ce ya yafe ba, kuma Mai Tanderu bai nemi ya faɗa ba. Amma daga ranar duk Asabar yana can, shi ke zuwa masa kasuwa, shi ke raka shi wurin masu ƙafar roba, har tsawon shekara takwas.

Ƙarshen rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a tafe. Mutumin da ya zaɓi aiki saboda a zaune ake yi, sai ga shi ba ya zama. Yakan je sayen abin da ke akwai a gida don dai ya je, ya ƙi hawa mota ko an tsaya masa, takalmi uku ya kashe a shekara biyu. Ɗingishin bai bar shi ba, ƙafar ta ci gaba da gazawa da yatsa biyu, amma ciwon bai sake fashewa ba ko sau ɗaya. Cibiyar ta gayyace shi bikin cikarta shekara hamsin, aka zaunar da shi a layi na tara, bayan masu ɗaukar hoto. Ya ce kujerar ta yi masa daɗi, ga ta kusa da ƙofa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 18 ga Oktoba, 2022, da misalin ƙarfe goma na safe, sanadiyyar ciwon zuciya, jim kaɗan bayan ya dawo daga sayen batir, yana da shekara saba'in. An yi masa sutura, an sallace shi, an binne shi da yammacin ranar a maƙabartar unguwarsu. Likitar ƙashi da injiniya sun zo gida ta'aziyya, direban ya raka shi har bakin kabari da ƙafar roba. Farfesa ya aiko da wasiƙa mai shafi uku, shafi na uku ya taɓo marigayin.

Ya rasu ya bar matarsa, tela, wadda har yanzu tana ɗinki, da 'ya'ya biyar: Babban Yaya, makanikin injin ruwa, Yaya mace, malamar lissafi a firamare, na tsakiya, wanda ke aiki a ƙasar waje kuma har yau ba a gane aikin ba, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren ƙashi, sai Auta, wadda ta tsaya a sakandare. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, da agogon bango ɗaya, da takalma ƙafa huɗu duk sun cinye a dunduniya. Ƙafar hagu kam bai bar ta ba, da ita ya tafi. Allah ya jiƙansa.